Filin Tambaya da Amsa: Ɗanɗanon Kunun Zaƙi, da Inda Ya Raba Hanya da Giyar Sha'ir

Uku daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun faɗo a kan tukunya ɗaya, wato abin shan da ake yi da hatsi da tsiro, saboda haka muka haɗa su wuri guda, muka ɗage sauran zuwa fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce, kuma shekarata shida ina yin kunun zaƙi na sayarwa, ina ɗurawa a gorunan roba, masu shaguna suna saka mini a firji. Damuwata ita ce kunun ba ya tsayawa a kan hali ɗaya. Yau a yaba, gobe a aiko a ce ya tsinke ko ya yi tsami, mutanen gida kuwa duk ranar da na tambaye su sai su ce ya yi daɗi. Ƙanena da ke karatun kimiyyar abinci a jami'a ya ce mini Turawan da ke haɗa giyar sha'ir mara ƙarfi a gidajensu suna da takardar da suke ba ta maki idan sun ɗanɗana. Na yi a'uziyya, sai ya ce ba giyar yake nufi ba, tsarin yake nufi. Shin akwai abin da zan ɗauka a ciki? (Daga wata uwargida, unguwar Gwammaja)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙanen naki bai yi kuskure ba, kuma a'uziyyar taki ma tana kan hanya. Abin da yake magana a kai shi ne giyar da mutanen Ingila ke kira el, wadda mara ƙarfinta ke ɗauke da barasa kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100. A Birtaniya an daina neman lasisi kafin mutum ya haɗa ta a gidansa tun 1963, a Amurka kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba da wannan dama a 1978. Da masu yi suka yawaita sai gasa ta shigo, gasa kuwa ba ta yiwuwa sai da alƙalai, shi ya sa a 1985 aka kafa ƙungiyar BJCP a Amurka don horar da su. Takardarsu tana raba maki 50 kamar haka: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda abin yake a cikin baki 5, hukuncin alƙali a dunƙule 10. Musulmi ba shi da kujera a wannan alƙalanci, domin masu ɗanɗana giyar inabi suna iya tofarwa, amma alƙalan giyar hatsi haɗiyewa suke yi don su ji ɗacin da ke biyo baya. Ni kaina a karatu na san waɗannan abubuwa. Amma rabon makin ba mallakar giya ba ne, kuma ya dace da kunu fiye da yadda za ki zata.

Ki lura da cewa kamanni maki 3 kacal aka ba shi, alhali hanci da harshe sun kwashe 32. Mu a nan mun saba da akasin haka: mai saye yana ɗaga gora ya duba fari da kauri, ya biya. Wanda zai dawo gobe kuwa harshensa ne zai dawo da shi.

Abu na farko shi ne ki daina tambayar mutanen gida ko ya yi daɗi. Wanda yake ci a tukunyarki ba zai ce miki a'a ba, kuma ko ya so faɗa, kalmar daɗi ba ta nuna miki inda za ki gyara. Hausa ba ta rasa kalmomin da suka fi ta aiki ba: zaƙi, tsami, ɗaci, bauri, gafi, garɗi, yaji, maƙaƙi, lami, ƙauri, santsi, tsinkewa. Kowace ɗaya tana nuni ga wani mataki na aikinki, kuma mai ɗanɗanon kirki shi ne wanda zai ce miki akwai gafin ɗanyen gari, ba wanda zai ce bai kai na jiya ba.

Ki zaɓi lokaci ɗaya a kullum, wajen hantsi ya fi, kafin girki ya cika gida da ƙamshi, kuma ba bayan kin ci goro ko yaji ko kin goge baki da man goge haƙori ba. Ki zuba a kofin gilashi mai tsabta har rabinsa. Ki fara da hanci tun kafin ido, domin ƙamshi shi ne mai saurin gudu: ki ɗan juya kofin, ki shaƙa gajere sau biyu ko uku, ki ajiye. Kunu mai kyau yana ba da ƙamshin dafaffen gero tukuna, sai citta ta biyo, kanumfari yana can baya. Idan kanumfari ne ya tare ƙofa, ya yi yawa. Abin mamaki shi ne a giyar Ingila ana ɗaukar ƙamshin kanumfari a matsayin aibi, alamar baƙon yis ya shiga tukunya, mu kuwa da kuɗinmu muke sayo shi a Kurmi mu zuba. Wannan ya isa ya nuna cewa ba a yanke wa abin sha hukunci sai an fara sanin abin da mai shi ya nufa. Saboda haka ki rubuta a shafin farko na littafinki irin kunun da kike so ki riƙa fitarwa, a jimla biyu ko uku, shi ne zai zama ma'auninki.

Bayan hanci sai ido, kuma ba ya ɗaukar lokaci: launi, da ko ya rabu gari a ƙasa ruwa a sama, da ko akwai kumfar da ke tasowa da kanta ba tare da an girgiza ba. Sannan ki kurɓa, ki bar shi ya zagaye baki na ɗan lokaci kafin ki haɗiye, ki fitar da numfashi ta hanci. Ki tambayi kanki abin da ya fara zuwa, da abin da ya biyo, da abin da ya rage a maƙogwaro bayan minti ɗaya. Ki yi haka sau biyu, ɗaya da sanyinsa ɗaya kuma bayan ya ɗan sha iska, domin sanyi yana danne zaƙi da ƙamshi, yana kuma ɓoye aibi. Kunun da ya fito daga cikin ƙanƙara kusan kowanne daɗi gare shi. Wanda ya saya a Kantin Kwari ya riƙe a hannu cikin rana kafin ya isa rumfarsa, shi ne yake shan kununki na gaskiya.

A nan ne sanin yadda kunun ke samun zaƙinsa zai yi miki amfani, domin yawancin aibin da harshe ke kamawa a wuri ɗaya ake haifar su. Idan kin sheƙa tafasasshen ruwa a kan babban kashin ƙullu, sitacin gero yana dahuwa ya yi kauri kamar koko. Ƙaramin kashin da kika markaɗa da dankali ko tsiron shinkafa ko na dawa yana ɗauke da wani sinadari mai suna amiles, wanda aikinsa shi ne yayyanka sitaci ya mayar da shi sukari, shi ya sa kike ganin kaurin ya saki da zarar kin zuba shi. Wannan sinadari ya fi aiki idan zafi yana tsakanin digiri 60 da 70 a ma'aunin Salshiyos, kuma yana mutuwa idan zafin ya kai wajen 80. To, idan kika ɗanɗana kika ji kauri ba zaƙi, kin yi gaggawar zuba tsiron a kan zafi. Idan kika ji gafi, gari kuma ya kwanta a gindin kofi, ruwan bai tafasa yadda ya kamata ba ko bai isa ba. Idan tsami ya rinjayi komai tun da safe, ko dai jiƙon ya daɗe ba a sauya masa ruwa ba, ko kin bar ƙullun ya huce sosai kafin ki haɗa, ya kwana a ɗumin da ƙwayoyin tsami suka fi so. Warin magani irin na asibiti yakan fito daga ruwa mai yawan kulorin ko gorar da aka wanke da bilic ba a ɗauraye sosai ba. Warin danshi kuwa daga hatsin yake, kuma wannan ba aibin ɗanɗano kaɗai ba ne, domin fumfunar hatsi tana iya haifar da gubar afilatoksin mai lahanta hanta, wadda tafasawa ba ta kashe ta. Irin wannan buhu ba a lallaɓa shi. Ina ganin ma'aunin zafi guda ɗaya, irin wanda ake samu a shagunan kayan ɗakin gwaji, zai magance miki rabin rashin tsayuwar da kike kuka da shi, domin hannu ba ya bambance digiri 65 da 80, duka ƙuna yake ji, kuma saurin hucewar tukunya a hunturu ba ɗaya yake da na bazara ba.

Akwai kuma wata dabara da aka inganta a masana'antar giya ta Carlsberg da ke ƙasar Denmak a shekarun 1940, wadda a yau masu yin shayi da madara da lemo duk suke amfani da ita. Duk ranar da kika sauya wani abu, misali kika bar dankali kika koma tsiron shinkafa, sai ki zuba kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, ki ba mutum ba tare da ya san wanne ne wanne ba, ki ce ya fitar da baƙon. Ko hasashe kawai ya yi, zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka dacewar mutum ɗaya ba hujja ba ce. Idan kin gwada mutum 12, sai 8 sun dace kafin ki yarda cewa bambancin na gaske ne. Idan ba su kai ba, ki ɗauki wanda ya fi miki araha ki huta.

Abu ɗaya da zan roƙe ki shi ne kada ki gyara ɗanɗano da garin da ba ki san asalinsa ba. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami ya shiga kayan sha, ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Tsamin kunu daga jiƙo da kwana yake zuwa, idan kuma ana son ƙari, tsamiya da lemon tsami suna nan.

TAMBAYA: Malam, ina koyarwa a wata Islamiyya. Cikin zafin da ya wuce na sayo gora biyu na kunun zaƙi, aka ɗauke wuta, suka yini suka kwana a waje. Washegari da yamma na tarar gorar ta yi tauri, da na buɗe ta yi tsaki, kumfa ta taso, na ji wani ƙamshi kamar na ayaba, da na taɓa a harshe kuma ya ɗan cije ni. Sai na zubar. Maiɗakina ta ce almubazzaranci na yi, tsami kawai ya yi. Shin ya zama giya ne? (Daga wani malami, unguwar Fagge)

AMSA: Allah ya gafarta Malam, hukuncin shari'a ku ne masu shi, ni abin da ke faruwa a cikin gorar zan bayyana. Halittu iri biyu ne ke rububin sukarin kunu. Akwai bakteriya masu sa tsami, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo, waɗanda Louis Pasteur na Faransa ya yi bayanin aikinsu a 1857. Su ne ke fara aiki, kuma ɗan tsamin da ke sa kunu ya kashe ƙishirwa nasu ne. Sannan akwai yis, dangin wanda ke tayar da ƙullun waina da fanke, wanda idan ya ci sukari sai ya fitar da abu biyu: iska da barasa. Ba sai an zuba shi ba, yana nan a jikin hatsi da ƙwarya da mataci.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce mai kunun zaƙi da mai giyar sha'ir hanya ɗaya suke bi har tsakiya. Dukansu suna jiƙa hatsi, suna amfani da tsiro su mayar da sitaci sukari, su tace. Daga nan mai giya zai tafasa ruwan kimanin awa ɗaya da wani fure mai ɗaci da ake kira hof, ya sanyaya shi zuwa digiri 18 ko 20, ya zuba yis da gangan, ya rufe har mako ɗaya ko biyu. Masu burkutu ma da tsiron dawa suke farawa, su bar shi ya yi tsami, su tafasa, su zuba ragowar tsohon haɗi, ya yi kamar kwana biyu yana tashi. Mai kunu ita a kan zaƙi take tsayawa, ta sanyaya, a sha a ranar. Abin da ya raba su shi ne yis da lokaci, kuma a Kano cikin watan Afrilu, da zafi ke taɓa digiri 40, yis ba ya buƙatar mako guda kafin ya fara nuna kansa.

Alamun da ka lissafa ba nauyinsu ɗaya ba. Taurin gora da tsaki ba su isa hujja su kaɗai ba, domin wasu daga cikin bakteriyar tsami ma suna fitar da iska, a nan maiɗakinka tana da ƙafar tsayawa. Ƙamshin ayaba a kunun da ba a sa wa ayaba ba shi ne ya fi ɗaukar hankalina, domin sinadarin da ke ba da shi yis ne ke yin sa, kuma alƙalan giya sun san shi a matsayin alamar yis ya yi aiki cikin zafi. Idan aka haɗa shi da kumfa mai tasowa da kanta, da cizon harshe, da raguwar zaƙi, to barasa ta fara samuwa. Ko nawa ce, harshe ba zai faɗa ba. Masu giya suna auna nauyin ruwan da wani gilashi mai suna hidiromita kafin tashi da bayansa: idan ya sauka daga 1.040 zuwa 1.010, sun san barasar ta kusa kashi 4 cikin 100. Wannan lissafi ba ya zama daidai a kunu, saboda bakteriya ma suna cin sukarin, ga kuma gari da ke yawo a ciki, don haka sai ɗakin gwaji ne zai ba da adadi.

Malam ya fi ni sanin hadisin Abu Musa al-Ash'ari, da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da abubuwan shan mutanen Yaman, ɗaya na zuma ɗaya na hatsi, aka amsa masa cewa duk mai sa maye haramun ne. Ya kuma san ruwayar Ibn Abbas a Sahihu Muslim, cewa ana yi wa Annabi tsimin zabibi ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai ya ba mai hidima ko ya sa a zubar, kuma malamai sun yi bayanin cewa zubarwar tana kasancewa ne idan alamar canji ta bayyana. Abin da nake jan hankali a kai shi ne kada wani ya ɗauki kwana ukun nan ya ɗora wa kunu. Kunu yana zuwa da ƙwayoyinsa a raye tun daga jiƙo, ya riga ya kwana ɗaya a tukunya kafin a tace, kuma mai saye bai san awa nawa ya yi a hannun mai talla ba. A ganina zubarwar da ka yi ita ce daidai, ko don lafiyar ciki kaɗai. Almubazzarancin, idan akwai shi, a sayen gora biyu ne a lokacin da wuta ba ta da tabbas.

Masu sayarwa su ma su kula. Jihar Kano tana aiki da shari'ar Musulunci tun 2000, Hukumar Hisba kuma ta samu dokarta a 2003, amma ba tsoron hukuma ne ya kamata ya hana a mayar da kwantai cikin firji a sake fitar da shi ba. Ƙara wa kwantai sukari don a ɓoye tsaminsa ƙara wa yis abinci ne.

TAMBAYA: Na gwada yin tsiron dawa da kaina don kunu, amma ya fito da ɗaci da bauri. Ina kuskuren yake? (Daga wata ɗaliba, unguwar Hotoro)

AMSA: 'Yata, abu biyu kika haɗa. Bauri, wato wannan ɗaurewar baki irin ta ɗanyen goro, yawanci daga irin dawar yake, domin wasu nau'o'in jar dawa suna da sinadarin tanin a fatarsu. Ki nemi farafara ko kaura. Dawa ba ta da kasawa a wannan aiki: da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawa ce masana'antun lemon malt da na giya suka koma wa, kuma har yau tana cikin kayan aikinsu.

Ɗacin kuwa daga saiwa da ɗan ganyen da suka fito yake, kuma ya wuce maganar ɗanɗano. Dawa idan ta tsiro tana tara wani sinadari a waɗannan sassa wanda ke sakin gubar sayanayid, shi ne dalilin da makiyaya ke kore dabbobinsu daga gyauron dawa. Ki jiƙa dawar kwana ɗaya kina sauya ruwa, ki baza a kan buhu mai tsabta ki rufe, kina yayyafa ruwa safe da yamma har kwana uku ko huɗu, sannan ki shanya a rana ta bushe ƙarau. Daga nan ki murje ta sosai a tafin hannu ko a kan tabarma har saiwa da ganyen su kakkarye, ki sheƙe, ki bakace, kada ki markaɗa sai ƙwayar kaɗai ta rage. Wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna a zubar.

Kafin ki kai inji, ki ɗebi ƙwaya biyar ko shida ki tauna. Tsiron da ya yi kyau yana rugurgujewa a haƙori kamar gari, ya bar ɗan zaƙi da garɗi. Idan ya yi tauri kamar tsakuwa, bai tsiro sosai ba, sai ki ƙara masa kwana ɗaya a karo na gaba. Idan ya yi ɗaci, ki koma ki sake murzawa.